Ashe Ƙarya Tana 'Ya'ya

Akwai wata 'yar itaciya wadda kusan kowa ya sani a ƙasar Hausa, amma ba safai a ke kula da ita ba. A kan gan ta a ƙofar zaure, ko a bayan masallaci, ko a kusurwar wani tsohon gida, gajeriya, mai kaurin rassa, jikinta toka-toka sumul kamar an yi mata daɓe. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙone ƙurmus, sai ita ta zubar da ganyenta ta ɓarke da jajayen furanni masu haske a tsakiya, har baƙo ya tsaya yana tambaya. Sunanta ƙarya, waɗansu su ce ƙariya. Wanda zai rubuta sunan sai ya tuna da ƙugiyar bisa harafin farko, don kada ya koma maganar wata dabba.

Kowa ya san karin maganar nan da a ke cewa ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa ya kuma tattara sunayen itatuwan Hausa a littafin da aka buga a 1916, ya rubuta sunan nan, da dalilin da mutane su ke bayarwa, watau ana ganin furenta kullum amma da wuya a ga 'ya'yanta. To, game da ƙaryar baki, karin maganar daidai ne. Amma game da itaciyar, an zalunce ta. Tana 'ya'ya sarai. Abin da ya hana ta yi a gari, laifin masu dasa ta ne. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, gama a cikin 'ya'yan nan kuɗinta ya ke, mutanen waɗansu ƙasashe kuma sun riga sun gane haka, suna ta kwasa.

Ƙarya 'yar ƙasa ce. Tana fitowa da kanta a daji tun daga Senegal, ta bi ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan da Habasha da Kenya, ta ƙetare Bahar Maliya ta shiga ƙasar Larabawa. A can Yaman ne wani masanin tsirrai, Peter Forsskal, almajirin Linnaeus, ya rubuta siffarta. Yana cikin ayarin da Sarkin Denmak ya aika a 1761, ya mutu a Yaman ɗin a 1763, aka buga littafinsa a 1775 bayan ransa. A 1819 aka raɗa mata sunan da masana su ke kiranta da shi har yau, Adenium obesum. Kalmar farko daga sunan Adan ta fito, ta biyu kuwa ma'anarta mai ƙiba. Turawa su kan ce mata furen hamada. Dangin tumfafiya ce da kwankwani, za a kuwa koma kan wannan zumunci, don akwai magana a cikinsa.

Abin mamaki shi ne, waɗanda su ka fi kowa cin amfaninta yanzu ba ta fitowa a dajinsu. Masu lambu a Tailan da Taiwan da Indiya su ne su ka ɗauke ta, su ka yi ta haɗa wannan da waccan shekara da shekaru, har su ka fitar da mai farin fure, da mai ja wur, da mai zane-zane, da mai fure ninki biyu ko uku. Suna sa ta a tukwane suna aikawa Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. A Turai sai an sa ta a ɗaki an yi ta lallaɓawa, gama ba ta son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10. Zafin da waɗancan su ke saye da kuɗin wuta, nan kyauta ya ke sauka kowace safiya. Duk da haka, wanda ya bi bakin titi a Abuja ko Kaduna ko Kano, inda masu sayar da furanni su ke jera kayansu, zai tarar akwai masu saye: otal-otal, da bankuna, da makarantu, da masu sababbin gidaje. Ɗan ƙauyen da ƙarya ta ke tsaye a bayan dangarsa tun zamanin kakansa, shi ne bai san ana cinikin ba.

To, me ya hana ta 'ya'ya a gari? Sai a duba yadda a ke yaɗa ta. Mutum ya ga ta maƙwabcinsa, ya roƙi reshe, ya kafa a ƙofar gidansa, kamar yadda a ke yi wa rogo. Wani ya zo ya yanka daga tasa. Bayan shekara talatin sai a ga ƙarya ashirin a unguwa, amma a haƙiƙa itaciya ɗaya ce aka rarraba. Da yawa daga cikin ƙarya kuwa ba su karɓar garin furen jikinsu, sai na wata dabam wadda ta fito daga wani iri. Ga shi kuma furen nata matsattse ne a ciki, garin yana ɓoye ƙarƙashin wata 'yar hula, ƙudan zuma ba ya iya kaiwa gare shi yadda ya ke kaiwa ga na kabewa, sai ƙwaro mai dogon baki siriri. Saboda haka sai ta yi ta fure shekara da shekaru a banza, mutane na wucewa suna yi mata habaici.

Maganin ba shi da wuya ga wanda ya taɓa ganin yadda a ke yi wa dabino barbara da hannu, ko da ya ke ita ƙarya ba ta da namiji dabam da tamace dabam, kowane fure yana da duka biyu. Abin da a ke bukata shi ne itace biyu waɗanda ba reshen juna ba, misali ɗaya daga Katsina ɗaya daga Azare. Da safe sai a sami furen da ya kwana ɗaya ko biyu da buɗewa, a tsaga gefensa a hankali har a ga 'yar hular nan a ƙasa. In an ɗan matsa gindin furen sai ta buɗe. A sa tsinken tsintsiya mai laushi a ɗebo garin, a je ga furen ɗayar itaciyar, a buɗe shi haka nan, a shafa garin a ƙarƙashin ɗan kan da ke tsakiya. A ƙarƙashi fa, gama nan ya ke kamawa. Ba duka za su kama ba, don haka a yi wa fure biyar ko shida. Wanda ya kama, bayan furen ya faɗi sai a ga waɗansu 'yan ƙahoni biyu suna fitowa, suna tsawo har su kai kamar taƙi guda, sai ka ce ƙahon bunsuru. Su kan yi wajen wata biyu ko uku kafin su nuna. Tun ba su fashe ba a naɗe su da zare, domin kowane ƙwayar iri yana da gashi a kai da gindi, irin na tumfafiya, ranar da kwanson ya tsage iska za ta kwashe su duka kafin mai su ya komo daga kasuwa.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan wahala, tun da reshe yana kamawa? Amfanin yana gindi. Ƙaryar da ta fito daga iri, tun tana 'yar wata biyu ta ke fara tara ruwa a gindinta, ya yi ta kumbura kamar tulu, da saiwoyi masu kauri a murɗe. Wadda aka kafa daga reshe kuwa sai ta miƙe kamar sanda, ta daɗe ƙwarai kafin ta yi wani abin kirki a ƙasa. Masu saye gindin nan su ke biya. Furen na 'yan makonni ne, amma tulun yana nan kullum, kowace shekara yana ƙaruwa, kuɗinsa na ƙaruwa tare da shi.

Irin ba ya son ajiya, in ya yi watanni sai ƙarfinsa ya ragu, saboda haka a shuka shi da wuri. A cire gashin, a kwantar da ƙwayar a kan yashi mai ɗan taki cikin kasko mai huji, a rufe ta da yashi kaɗan, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa kai tsaye. Da zafi, cikin mako guda ko kwana goma za a ga sun tsiro. Jarirai ne, su kam kada a bar ƙasarsu ta bushe ƙayau. In sun yi ganye shida ko fiye, sai a raba su kowace da tukunyarta, a riƙa fito da su rana kaɗan kaɗan. Wadda ta sami kulawa ta kan yi furen fari cikin shekara ɗaya ko biyu.

Yanzu sai maganar tukunya, inda yawancin masu sha'awa su ke kashe abinsu. Ba rashin kula ke kashe ƙarya a tukunya ba, yawan kula ne. Malam akawu ya sayo ta da tsada, ya ajiye a baranda, ya sa yaro ya ɗebo masa baƙar ƙasar fadama mai kyau, ya kuma umurce shi ya riƙa ba ta ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Yaro kuwa ya cika umurni. Bayan wata guda ganye ya yi rawaya, sai malam ya ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Ran da ya taɓa gindin sai yatsansa ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓiyar gwanda. Ai itaciyar da Allah ya halitta da randarta a jiki, ba ta bukatar mai garuwa kullum. A daji a kan dutse da tsakuwa da jigawa ta ke zama, inda ruwan sama ya ke wucewa nan da nan. A tukunya ba ta da wurin gudu, abin da aka zuba mata shi za ta kwana a ciki.

Don haka tukunyar ƙasa ta fi ta roba, wadda magina su ke ginawa, mai faɗin baki, marar zurfi ƙwarai. Tana numfashi, tana busar da ƙasa ta gefe, ba ta kuma dafa saiwa da zafin Afrilu yadda baƙar roba ta ke yi. A huda gindinta huji uku ko huɗu masu faɗin yatsa, a ɗora tsingaro a kai don kada ƙasa ta zube. Wanda zai yi sana'ar ya fi masa ya yi magana da mai gini tun tukunyar tana ɗanya a huda masa, gama hujin da aka yi bayan gashi ya kan fasa ta. Ƙasar kuwa, a ɗauki yashin rafi mai gautsi kashi biyu, da ƙananan tsakuwa ko dakakken gawayi kashi ɗaya, da ruɓaɓɓen takin da ya shekara kashi ɗaya. Kada a sa laka, kada a sa ɗanyen kashin kaji. Gwajinsa shi ne a zuba ruwa: in ya tsaya a sama yana ƙyalli har a ƙirga ashirin, ƙasar ba ta yi ba, a ƙara yashi.

Ba da ruwa ba shi da ranar da aka yanka masa, yatsa ne alƙali. A tura shi cikin ƙasa inci biyu. In da sanyi-sanyi a bari. In a bushe ta ke, a zuba sosai har ya fito ta ƙasa, sa'an nan a manta da ita sai ta sake bushewa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ta ke girma da ƙarfi, wannan ya kan zama bayan kwana uku ko huɗu, a kuma ɗan ƙara mata taki kaɗan. Mutane su kan yi zaton ba ta son ruwa ko kaɗan, su bar ta da yunwa da ƙishirwa har ta tsumbure. Wannan ma kuskure ne. Tana sha da zafi, sha mai yawa ma, abin da ba ta so shi ne kwana cikin jiƙa.

Lokaci biyu ne masu hatsari a shekara. Na fari shi ne marka, cikin Agusta, sa'ad da a kan yi kwana uku ana zuba ruwa ba rana. Wadda ke dashe a tudu ta kan jure, amma ta tukunya sai a jawo ta ƙarƙashin rumfa ko baranda, a ɗora tukunyar bisa bulo biyu don ruwa ya sami hanyar fita, a kuma nisanta ta da bakin indararo. Na biyu shi ne hunturu. Cikin Disamba da Janairu ta kan zubar da ganye ta yi barci, mai ita kuwa ya firgita ya ɗauko buta. Sanyi da jiƙa in sun haɗu, su ne ajalinta. A wannan lokaci ruwa sau ɗaya cikin mako biyu ko uku ya isa, da hantsi, don ƙasa ta sha iska kafin dare. A Jos da sauran wurare masu tudu, inda sanyin dare ya ke tsanani, a shigar da ita ɗaki da dare. Ban da waɗannan lokatai, wurinta rana ne, aƙalla rabin yini. Ƙaryar da aka ajiye a cikin ofis kusa da na'urar sanyaya ɗaki za ta yi dogayen rassa sirara, ba kuwa za ta yi fure ba.

In gindi ya yi laushi, a duba ƙasa kafin a yanke hukunci. Laushi da yamushewa a busasshiyar ƙasa ƙishirwa ce, ruwa ɗaya zai komo da ita. Laushi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓa ce, ita kuwa ba ta jira. A tumɓuke ta ran nan, a wanke saiwar, a sa wuƙa mai tsabta a yanke duk inda ya yi baƙi ko ruwan ƙasa har a kai ga farin nama, kada a ji tausayi. A barbaɗa garin gawayi a kan ciwon, a rataye ta a inuwa mai iska kamar mako guda har ya bushe, sa'an nan a mai da ita cikin busasshen yashi, a ƙara mako guda kafin a ba ta ruwa. Da yawa su kan tashi. Ƙwari kuwa ba su da yawa: waɗansu 'yan rawaya masu taruwa a kan toho irin na darɓa, da waɗansu farare kamar auduga, ruwan sabulu ko na 'ya'yan dogon yaro ya kan kore su. Akwai kuma wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai iya cinye ganyen ƙaramar itaciya cikin dare biyu, ita sai a tsince ta da hannu.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, da farkon bazara, a sake mata ƙasa, a kuma ɗaga gindin sama da inci ɗaya bisa inda ya ke a da, don saiwoyin nan masu kauri su fito fili. Haka masu lambun Tailan su ke samun siffofin da a ke gani a hoto. A lokacin ne kuma a ke datse rassan da su ka yi tsawo, gama a kan reshe ta ke fure, yawan rassa yawan fure. Wanda ya iya yi wa mangwaro aure, ya riga ya iya na ƙarya. A yanke kan 'yar gida mai ƙaton gindi a kwance, a yanko guntun reshen mai kyakkyawan fure kamar inci ɗaya, mai ido ɗaya ko biyu, a ɗora a kai, a rufe da leda a ɗaure, a ajiye a inuwa kamar mako biyu. Ta haka ne kaɗai a ke tabbatar da launi, domin irin mai fure ninki ba lalle ya haifi irin uwarsa ba. Masu tallar iri a intanet da hoton fure shuɗi kamar an tsoma shi a marina, a yi hankali da su. Babu ƙarya mai shuɗin fure, sai dai ƙaryar mai talla.

Saura maganar zumuncinta da kwankwani, wadda ba ta wasa ba ce. Maharba sun san abin da a ke yi da kwankwani. Ruwan jikin ƙarya ma dafi ne mai taɓa zuciya, tun daga saiwa har fure, a wurare da dama na Afirka kuwa da shi a ke shafa wa kibiya, kamar yadda Hadza na ƙasar Tanzaniya su ke yi. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ɓawonta a kan tarwada, su ka ga yana kashe ta. Don haka mai kiwon kifi kada ya wanke wuƙarsa ko tukunyarsa kusa da tafkinsa. Mai yankan reshe ya sa leda a hannu, kada ya taɓa ido, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci goro. Rassan da aka datse a binne su, kada a zubar a juji inda awaki ke kiwo. Wuƙar kada ta koma madafa. A gidan da akwai yara masu rarrafe, a ɗora tukunyar inda hannunsu ba ya kaiwa. In kuwa yaro ya tauna, aka ga amai ko kasala, a kai shi asibiti nan take tare da guntun itaciyar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mai sayarwa kuma wajibi ne ya faɗa wa mai saye wannan. Wanda ya ɓoye don kada ciniki ya ɓaci, ya ɗauki alhakin da kuɗin tukunya ɗaya ba zai biya ba.

Akwai manomin da zai ce fure ba ya shiga rumbu. Gaskiyarsa. Ba wanda ya ce a rage wa gero ko kunya ɗaya saboda ƙarya. Amma tukwane hamsin ba su fi faɗin tabarma uku ba, ruwan da za su sha a mako bai kai na fangali biyu na tumatir ba, ba su kuma ruɓewa in kasuwa ta faɗi. Tumatir in bai sayu yau ba, jibi na juji ne. Ƙarya in ba ta sayu bana ba, baɗi ta fi tsada. Aikin rani ne wanda tsoho zai iya, matan gida ma za su iya, maginan tukwane kuma su sami ciniki. Sai dai kasuwar ta birni ce, ba ta da faɗi kamar ta hatsi, don haka mai hankali zai fara da kaɗan, ya kuma san wanda zai kai wa kafin ya cika gida. Ɗan kasuwar da ke tunanin aikawa waje, sai ya fara neman takardar lafiyar tsirrai daga hukumar da ke killace kayan gona, in ba haka ba a tashar farko za a tsare kayan.

Abu ɗaya ne ya kamata masu unguwanni da dagatai su sa wa ido. Duk ran da aka ji abu yana kuɗi, sai a ga samari da diga sun nufi daji. Tsohuwar ƙaryar da ke kan dutse ta yi shekaru da yawa kafin ta kai haka, in an tumɓuke ta an datse saiwarta an cusa a tukunya, sau da yawa ruɓewa ta ke yi a hannun mai saye. Waɗannan na daji kuwa su ne ba reshen juna ba, su ne ke 'ya'ya da kansu, wurinsu za a sami irin da babu shi a gari. Wanda ya san inda su ke, ya je bayan sun gama fure ya duba ƙahonin, ya naɗe biyu ko uku da zare, ya bar sauran wa iska, ya komo bayan 'yan makonni da ɗan buhunsa.